Ranar da Na Yabi Ɗiyar Ƙanena a Lakwal

Ƙanena ya riga ya cire marfin alƙalami lokacin da na kama hannunsa. Takardar tana kan tebur kusa da kwanon shinkafa. Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofar madafa da soso a hannu, ruwan sabulu yana ɗiga a ƙasa ba ta ma sani ba. Ni a boko ko bihim ban sani ba, ban taɓa zama a bencin lakwal, wato makarantar boko, ba ko na yini ɗaya, amma na san fuskar yaro idan ana shirin yanke masa wani abu.

Na ce, "Me za ka sa wa hannu?"

Ya ce, "Takardar lakwal ce, Yaya. Ta ƙarshen shekara."

"Na ga takarda ce. Me ta ce?"

A Vénissieux ne, can gefen Lyon, a hawa na tara na ɗaya daga cikin dogayen gidajen Minguettes. Daga Paris na zo in yi musu kwana uku, a watan da ake shirin rufe lakwal. Mijina ya shekara biyu da rasuwa a lokacin, ina zaune ni kaɗai a Belleville, ina sayar da shadda da turare ga matan da suka san ƙofata.

Sai da na sa aka maimaita mini sau uku kafin maganar ta zauna. Malamai sun yi zama sun raba yara. Wasu za su tafi ajin lissafi, wasu ajin karance-karance, wasu ajin buga keken rubutu, inda ake fitar da sakatarori. Yarinyar an sa ta a na keke. Ita kuwa tun tana shekara goma ba ta da wata magana sai likita. Na ce to in ta gama da keken ba za ta shiga likitancin ba? A nan ne ta buɗe baki, tana kallon soso. Ta ce bayan bak, babbar jarrabawar fita, kowa yana iya shiga shekarar farko ta karatun likita. Amma a ƙarshen shekarar akwai wata jarrabawa kamar rariya, kuma waɗanda suke wucewa kusan duka daga ajin lissafi suke fitowa. Wanda ya bi ajin keke an gama da shi tun yana shekara sha shida, sai dai bai ji ƙarar rufe ƙofar ba.

Mushensu na lissafi, wato malaminsu, ya kwanta ciwo kusan rabin shekara. An kawo wani, ya yi sati uku ya tafi. Ajin lissafi kuma ɗaya ne a lakwal ɗin, kujerunsa sun cika. Makin yarinyar ba na kunya ba ne, amma bai kai na ture wani ba.

Ƙanena ya ce, "Mushe ya fi mu sani, Yaya. Aikin biro, aikin ofis, ba abin raini ba ne. A zaune za ta yi shi, cikin ɗumi." Shi fenti yake fesawa a inda ake ƙera manyan motoci, ƙamshin abin ba ya barin gashinsa ko ranar Juma'a. Ban ga laifinsa ba da ya ga kujera da ɗumi a matsayin arziki.

Dole in faɗi yadda muke da yarinyar, don a kanta komai ya rataya. Ɗiyarsa ce ta fari. Tun ranar suna bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyar nan", ko "ta Yaya". Haka ubanmu ya yi da ni a Damagaram har ya koma ga Allah. Ni ban haihu ba, don haka da aka yaye ta aka ba ni riƙo. A bayana ta yi barci, a ɗakina ta koyi cin tuwo da hannun dama. Da ta isa shiga lakwal aka ce takardu sun nuna iyayenta suna Lyon, sai a mayar da ita can. Na haɗa mata kaya ban yi kuka a gaban kowa ba. A takarda tasu ce. A wajenmu tawa ce, kuma duk hutu a Belleville take yin sa.

Na ce masa, "Tawa ce ko ba tawa ba?"

"Taki ce."

"To mayar da marfin nan."

Ya mayar. Sannan yarinyar ta faɗi abin da ta ɓoye sati guda. Wata malama ta ja ta gefe ta ce mata in tana da gidan zama a Paris, tana iya neman a karɓe ta a wata lakwal a can, a ajin lissafi. Shugabar lakwal ɗin ce za ta duba dosiyenta, wato tarin takardun makinta, ta ce eh ko a'a. Amma malamar ta gargaɗe ta. Yaron da ya canja lakwal ana yi masa kallon wanda ya gudo daga wani abu, balle in sunan unguwarsu ya bayyana a saman takarda. Kuma wannan takardar ta tebur dole a mayar da ita da sa hannu kafin Juma'a ta sama. In ba a mayar ba, kujerar ajin keken ma wani za a ba.

Ƙanena ya ce, "Kin ji ko? Ba tsuntsu, ba tarko."

Na ce, "Na ji. Ba kurma ba ce ni."

Abin da ban gaya masa ba shi ne wannan. In Paris ta ƙi, ni ce na hana yarinya ɗan abin da ta samu.

Washegari ina share ɗakin yara, tsintsiya ta taɓa wani abu a ƙarƙashin gado. Littattafan rubutu ne, tuli guda, an ɗaure da igiyar takalmi. Na buɗe ɗaya. Ban iya karantawa ba, amma na san littafin lakwal, kullum akwai jan alƙalamin mushe a gefe. Waɗannan babu ja ko ɗigo. Lambobi ne da fensir tun daga sama har ƙasa, an goge wasu wurare har takardar ta yi laushi. Na tambayi uwarta. Ta ce a watannin da mushe yake kwance, yarinyar ta riƙa aro littafi a gidan karatu na unguwa tana yin lissafin ita kaɗai. Na tambayi yarinyar, ta ce, "Ba komai ba ne, Gwaggo." Na naɗe su a tsohon zane na sa a jakata, ban gaya wa kowa ba.

Na koma Paris, aka ba mu ranar Talata mu ga shugabar. Ƙanena ya roƙi yini ɗaya a wurin aiki, suka biyo jirgin ƙasa na safe shi da yarinyar. Ya saka kwat ɗinsa ta zuwa biron gwamnati, wadda hannunta ya yi masa gajere. Muka shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga Belleville, tasha kaɗan muka sauka. Lakwal ɗin tsohon ginin dutse ne, matakalansa sun lotsa a tsakiya saboda ƙafafu. Aka zaunar da mu a wani benci da yake kallon ƙofar biron madam shugaba.

Mun fi awa a bencin nan. Su biyun suna kallon ƙasa, ni ina kallon ƙofa. Duk wanda zai shiga ko zai fita sai ta buɗu, in hango tebur. Tarin dosiye biyu ne a kai. Na lura iyayen da suka fito suna gyara wa ɗansu wuyan riga, nasu dosiyen hannun dama ya tafi. Waɗanda suka fito baki a ɗinke, suna tafiya gaban ɗansu, nasu ya tafi hagu, wajen taga. Tarin hagu ya ninka na dama. Ban gaya wa ƙanena ba, don gumi ya riga ya jiƙa masa wuya.

Madam ɗin siririya ce, gashinta ya yi furfura, tabarau yana rataye a wuyanta da sarƙa. Ta gaishe mu gaisuwar Turawa, kalma biyu an gama. Ta duba takardar wutar lantarki ta gidana da takardar da ta nuna yarinyar a wajena za ta zauna. Ta tambayi dalilin da yarinya za ta bar uwa da uba. Ƙanena ya yi bayani, ta gyaɗa kai ba tare da ta yarda ba. Faransancina na kasuwa ne, na san tsada da araha, na san gobe da jibi. Amma da ta ajiye tabarau ta dube shi, na gane tambayar. Cewa ta yi, kai ubanta ne, gaya mini wace irin yarinya ce ɗiyarka.

Na ga ya sunkuyar da kai. Na ga ya juya hularsa a gwiwa, ya yi wannan ɗan murmushin na gefen baki. Tun kafin ya yi magana na san abin da zai fito, don na ji shi a bakin ubanmu sau ɗari. Daga baya aka gaya mini kalmominsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce yarinya ce kamar kowace yarinya, ba ta da wani abin a zo a gani. Ya ce wani lokaci ma akwai ɗan lalaci. Ya ce shi bai cika sa mata ido ba, ta yayarsa ce.

Da a zaure ne a Damagaram, duk dattijon da ya ji haka zai ce wannan mutum ɗan mutunci ne, ya san kunya, kuma lallai yarinyar zinariya ce tunda ya kasa ɗaga ido. Madam ba a Damagaram aka haife ta ba. Ita abin da ta ji shi ne uba ya ce ɗiyarsa raguwa ce, ba ya kula da ita, ya kuma tura ta wajen wata tsohuwa. Ta rubuta wani abu gajere. Ta rufe dosiyen. Hannunta ya ɗauke shi ya nufi wajen taga.

Na miƙe na ɗora tafina a kai.

Ban san na yi ba sai da na ga hannuna da lalle a kan farar takardar mutane. Ƙanena ya ce a hankali, "Yaya, a nan ba a yin haka."

Na ce, "An fara yau." Na juya wajen yarinyar. "Ke, za ki gaya mata abin da zan faɗa."

"Gwaggo, don Allah."

"Allah yana nan. Buɗe bakinki."

Ba ni da wani tafinta sai ita. Ƙanena ba zai iya ba, harshensa zai karye. Ga shi kuma abin da zan faɗa abu ne da ban taɓa faɗa wa yaro a gabansa ba. Mu ba ma yabon yaro yana ji. Kansa yana kumbura, baki kuma yana kama shi. Uwata har ta rasu ba ta taɓa ce mini tuwona ya yi daɗi ba, sai dai ta cinye ta miƙo kwano. Ni ma haka na riƙe yarinyar nan. Ta san tsawata, ta san hararata, ba ta san abin da nake gani ba.

Na ce, "Ce mata ubanki ba gaskiya ya faɗa ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Kunya ya yi. A garinmu mutum ba ya yabon ɗansa na fari, ko sunansa ba ya kira. Ta duba, tun da muka shigo ya kira sunanki?"

Yarinyar ta yi magana da Faransanci, kalma biyar ko shida kawai.

Na ce, "Na ba ki magana mai tsawon rawani, kin miƙa mata ƙyallen goge hanci. Sake, duka."

Ta sake. Wannan karon ya yi tsawo. Madam ta dubi ƙanena, shi kuwa yana karanta cikin hularsa.

"Ce mata ni na yaye ki. Tun kina shekara huɗu, in na aike ki sau ɗaya ba na maimaitawa. Ce mata a ciwon mijina na ƙarshe, hutu guda ke kika riƙe masa magungunansa, na safe daban, na bayan abinci daban, ba ki taɓa haɗa wani da wani ba. Har matar da take zuwa yi masa allura ta daina tambayata ta koma tambayarki. Kina shekara sha huɗu a lokacin. Faɗa mata shekarun."

Tana faɗa tana tsayawa, ni kuma ina ƙirga numfashinta don kada ta sace mini ko jimla ɗaya.

"Ce mata na yi shekara sha shida ina kallonki, ban taɓa ganin kin fara abu kin ajiye shi rabi ba. Ce mata na ga yara da yawa a gidajen mutane, ban ga mai kanki ba."

Nan ta tsaya cak. Hawaye ya sauko mata har haɓa. Ta ce, "Gwaggo, wannan ba zan iya faɗa ba."

"Ni da na faɗa mutuwa na yi? Faɗi."

Ta faɗa, da murya kamar ta mai amsa laifi.

Sannan na kwance zanen na zube littattafan a kan tebur. Yarinyar ta ja numfashi, don ba ta san suna Paris ba. Madam ta mayar da tabarau. Ta buɗe na farko, ta buɗe na tsakiya, ta tsallaka zuwa na ƙarshe. Ta tambayi wanda yake gyara mata. Yarinyar ta ce babu. Ta ɗauki fensir ta zagaye wani wuri, ta zagaye wani, ni kuwa na san zagaye ba alheri ba ne. Ta yago takarda ta rubuta layi biyu, ta tura wa yarinyar da fensirin.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Akwai agogo a bango amma ban dube shi ba, yatsun yarinyar nake kallo. Ta rubuta rabin shafi, ta tsaya, ta ja layi ta kashe shi duka. Ƙanena ya rufe ido. Ta fara daga sama. Da ta gama ta tura takardar ba ta ɗago kai ba.

Madam ta karanta. Ba ta yi murmushi ba, irin matan nan ne da ba sa bayar da shi kyauta, kuma ban ƙi ta don haka ba. Ta ɗauki dosiyen. Ba ta kai shi dama ba, ba ta kai shi hagu ba. Ta ɗora shi a kan littattafan a tsakiyar tebur, ta ce za a rubuto mana a gidana.

A matakala ƙanena ya ce, "Yaya, yau kin kwance mini zane a kasuwa."

Na ce, "Yaushe ka fara ɗaura zane?"

"Ba wasa nake ba. Kin sa mata baki, a gabanta, a gaban baƙuwa."

Wannan kam ya same ni, don tsoron da nake ji ke nan. A bakin metiro na tsayar da yarinyar, na kama kanta na karanta abin da na iya na tofa mata, mutane suna ratsa mu suna kallo. Na ce mata, "Abin da kika ji a ɗakin can na madam ne, ba naki ba. Kada in ga kin ɗauko shi kin kawo mini gida." Ta ce to.

Suka koma Lyon da jirgin la'asar. Juma'a ta zo ta wuce, ƙanena bai mayar da takardar ajin keke ba. Ya kira ni a waya, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "An rufe." Na ce na ji. Daga ranar yarinyar ba ta da kujera a ko'ina a ƙasar nan, kuma ni na jawo.

Kwana tara ina sauka wajen akwatin wasiƙa da makulli a ƙugu. Shekarun da na yi ina karɓar takardun gwamnati sun koya mini abu ɗaya. Ambulan siriri a'a ne, don a'a ba ta bukatar dogon bayani. Mai kauri eh ne, don sai an cika wasu takardu. Wanda ya zo ranar ta tara ba siriri ba ne, ba mai kauri ba. Na auna shi a tafi, na ɗaga shi a hasken taga, bai gaya mini komai ba. Akwai masu karatu a gidanmu, hawa na biyu ma akwai, amma duk abin da aka karanta a Belleville da safe ya isa Saint-Denis kafin azahar. Na sa shi cikin rigata na tafi gar, tashar jirgin ƙasa, na hau jirgin Lyon.

Na tarar ƙanena bai dawo daga aiki ba. Na zauna da ambulan ɗin a cinya, na ƙi ba yarinyar, don ba sunanta ne a bayansa ba, na ubanta ne. Da ya shigo ya gan ni bai tambayi hanya ba. Ya wanke hannu har sau biyu, ya ɗauko wuƙa ya yanka bakin ambulan ɗin. Takarda uku ce. Yana karantawa leɓɓansa suna motsi. Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofar madafa, daidai inda ta tsaya ranar farko.

Ya gama ta farko, ya gama ta biyu, ya koma ta farko. Bai dube ta ba. Taga ya duba, ya yi mata magana kamar ita ce ta tambaye shi.

"An ce a gaya wa ta Yaya ta nemi farar riga ta auduga, mai dogon hannu, saboda ɗakin gwaje-gwaje. An karɓe ta zuwa hutun sanyi. In lissafin bai tsaya ba, za a sauke ta."

Ya cire marfin alƙalami ya sa hannu a ta uku, da sauri, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Uwarta ta shige madafa ta buɗe famfo, ta bar shi yana zuba ba kwano a ƙasa.

Na ce wa yarinyar, "Kin tsaya kallon me? Zo nan." Na juya ta, na auna kafaɗarta da taƙi, na auna daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, na ƙulla awon a bakin ɗankwalina. Tana ta motsi a ƙarƙashin hannuna. Na ce ta tsaya da kyau, ba akuya nake aunawa ba.

Hutun sanyi ya zo ya wuce, ba a sauke ta ba. Littattafan ma an dawo mata da su a satin farko, an bi su da fensir shafi bayan shafi. Rigar kuwa wani tela ɗan Maraɗi ya ɗinka ta a Belleville. Na sa ya ƙara yatsa biyu a hannun, don a lokacin ba ta gama tsawo ba.